Ranar da Aka Sa Bunsong a Akwatin Gawa

Ban Nong Kung, Roi Et
4 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Wilai,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can Hong Kong. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da take tuna mini shekaruna kowace safiya. Kawunki Sawai yana gaishe ki. Yana nan da zakarunsa na faɗa, ya fi sanin abin da suka ci a kan abin da ni matarsa na ci. Ruwan farko ya sauka shekaranjiya, kwaɗi sun cika gona, mun soya mun ci har mun aika wa maƙwabta. Man zafin da kika aiko ya iso, na gode.

Wilai, ba don gwiwa na ɗauki biro ba. Maganar mahaifinki ce. Na san kin ce kada in ƙara sa sunansa a wasiƙa, kuma shekara uku ina kiyayewa. Amma Bunsong ƙanena ne, a kwankwasona ya girma, ba zan zuba ido ya ƙare a gabana in yi shiru ba.

Tun ranar da motarsa ta kife da mahaifiyarki Buapan a hanyar dawowa daga tasha, ta rasu, bai sake taɓa sitiyari ba, wannan kin sani. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda ya koma bana. Daga safe zuwa yamma yana zaune a kan gadon gora yana kallon hanya. Kwandon shinkafar da na kai masa da safe shi nake ɗaukowa da yamma, ko loma biyu bai ɗiba ba. Ɓaunarsa ta noma ya bai wa maƙwabci kyauta. Agogonsa ya ɗaura wa Sawai a hannu, rediyo ya kai makaranta. Makon jiya na shiga ɗakinsa na tarar ya wanke farar rigarsa, ya goge, ya ninke, ya ɗora katin shaidarsa a kai. Na ce, "Bunsong, tafiya za ka yi?" Ya ce, "Don kada ki sha wahalar nema ne, Yaya."

Na kai shi asibiti, likita ya auna ya ce jikinsa ba komai. Ni ma na san ba jiki ba ne.

Ban ce ki yafe masa ba, wannan tsakaninki da zuciyarki ne. Layi biyu kawai nake roƙo. Ko cewa za ki yi ya ci abinci, ki sa hannu. In daga gare ki ne zai ji.

Goggonki,
Tongbai

Hong Kong
21 ga Mayu

Goggo,

Na samu wasiƙarki, na ji daɗin jin kuna lafiya. Ki riƙa shafa man safe da yamma, kada ki yi ta ɓoyonsa kamar turare. Ki gaishe da Kawu, ki ce masa in zakara ya fi ki daraja to zakaran ya dafa masa abinci. Ni ma lafiyata ƙalau. Tsohuwa Leung ta samu sauƙin tari, sai dai mantuwa ta ƙaru, jiya ta kira ni da sunan ƙanwarta wadda ta rasu tun kafin a haife ni. Muna hawa na goma sha tara, in na leƙa taga ba abin da nake gani sai tagogin wasu. Da kika ambaci kwaɗi sai da yawuna ya tsinke.

Maganar da kika kawo kuma, Goggo, ni ba likita ba ce. In na garinmu bai ga komai ba ku kai shi babban asibiti a Khon Kaen, duk abin da ake bukata zan aiko. Amma kada ki ɗora mini cin abincinsa a wuya. Ba yaro ba ne. Ya san kwana biyu bai runtsa ba ya hau mota, kuma ya sa Inna a gefensa.

Kada ki ce ban gwada ba. Ranar Lahadi da na fita hutu na zauna a bakin ruwa inda muke taruwa da 'yan garinmu, na ɗora takarda a cinya. Na rubuta "Baba" na tsaya. Har rana ta juya ba abin da ya biyo baya, na yaga na jefa a kwandon shara. Abin da babu shi ba zan ƙirƙiro shi ba.

Ki kula da kanki.

'Yarki,
Wilai

Ban Nong Kung
6 ga Yuni

'Yata Wilai,

Ina gaishe ki. Muna lafiya, an fara dashen shinkafa, kowa yana cikin laka har gwiwa. Na karanta amsarki, ban ji haushi ba. Taurin kan nan na gidanmu ne, ni ma ina da rabona.

Tunda ke kin kasa, likita ya kasa, ni ma na kasa, na haye kogi na je wurin Luang Ta Kam, tsohon malamin da ke shugabantar gidan ibadar da ke bayan kasuwar shanu. Na zayyana masa komai. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Mutumin da ya ƙagu ya mutu, ai sai a bar shi ya ɗanɗana. Kawo shi ranar Asabar ta sama."

Kin san abin, kina ƙarama aka yi wa kakarki lokacin da ta daɗe a kwance, sai dai ita a tabarma aka yi mata. Shi Luang Ta da akwatin gawa na gaske yake yi, guda uku gare shi a rumfa. Mutum zai kwanta a ciki da ransa, kansa yana yamma kamar mamaci, a rufe shi da farin ƙyalle, malamai su yi masa karatun matattu. Sannan ya juya kansa gabas, a yi masa karatun masu rai, ya tashi. Tsohon mutumin ya tafi da masifarsa, wanda ya fito sabo ne. Duka ba ya kai minti goma.

Na san ke 'yar boko ce, za ki ce aikin tsofaffi ne. Ki ce. Kawunki ma ya yi dariya, wai in akwati yana gyara mutum shi ma a sa shi ko zan daina yi masa faɗa. Na ce nasa sai an buga ƙusa.

Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda mahaifinki ya karɓi maganar. Na zaci sai na yi kwana uku ina lallashi. Ina rufe baki ya ɗago kai, karo na farko cikin watanni ya kalle ni ido cikin ido, ya ce, "Akwati? To, Yaya, a kai ni." Har da ɗan murmushi. Ban san ko daidai nake yi ba, Wilai. Amma ba ni da wata dabara.

Ranar sha shida ga wata ne. In kin samu dama ki kunna masa turare a can. Kawunki zai shiga gari gobe sayen maganin kaji, shi zan ba wannan ya jefa a gidan waya.

Goggonki,
Tongbai

Ban Nong Kung
18 ga Yuni

Wilai 'yata, gaisuwa. A taƙaice zan rubuta, tafasasshen ruwa ya zubo mini a hannun dama, da ƙyar nake riƙe biro, ga mai kai wasiƙu yana jirana a kan babur.

An yi. Ranar Asabar muka kai mahaifinki gidan ibada. Ni na sa masa farar rigarsa, na haɗa masa hannuwa da fure da kyandir da turare. Malamai huɗu suka yi karatu. Da aka ja ƙyallen aka rufe fuskarsa, sai da Sawai ya riƙe ni. Mutanen unguwa da yawa sun raka mu. Kada ki sa damuwa a ranki, yanzu ya samu hutu. Rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun Buapan tana da rai. In hannu ya warke zan ba ki labari duka.

Tongbai

Hong Kong
29 ga Yuni

Goggo,

Jiya da rana wasiƙarki ta zo. Ban san yadda zan gaishe ki ba. Sannu da hannu, sannu da hidima, sannu da rashin ƙanenki.

Goggo, me ya sa ba ki buga mini talgiram ba? Tun amsar da na aiko miki a watan Mayu ban sake jin komai daga gare ki ba, sai wannan. Yaushe ya kwanta? Ciwo ne, ko da hannunsa ya yi? Ki faɗa mini gaskiya, zan iya ɗauka. Ya ambaci sunana? Kin nuna masa abin da na rubuta, cewa kada a ɗora mini cin abincinsa?

Ba zan iya zuwa ba. 'Ya'yan tsohuwa sun tafi Kanada sai ƙarshen wata mai zuwa, ni kaɗai ce da ita. Kuma na san an riga an ƙona gawarsa kamar yadda aka saba. Ga takarda nan a ƙasa. Ki je inda yake, ki karanta masa da ƙarfi yadda zai ji, sannan ki ƙona ta. Ina roƙonki kada ki tsallake ko kalma ɗaya.

Baba, ni ce Wilai.

Ranar da aka ƙona Inna na tsaya a gaban mutane na ce maka kai ya kamata a ce kana cikin akwatin nan, ba ita ba. Ka sunkuyar da kai ka ci gaba da miƙa wa baƙi ruwa. Yanzu ga shi ka shiga, kuma ni na tura ka.

Baba, ni na sa ka tuƙa motar. Ka dawo daga jigilar rake, kwana biyu ba ka kwanta ba, ka ce in hau motar haya zuwa tasha. Na yi fushi, na ce duk 'yan matan da za mu tafi Bangkok tare iyayensu ne za su kai su, ni kaɗai zan iso kamar marar kowa. Na ga idonka ja wur. Na gani, Baba, ba wai ban gani ba. Ka wanke fuska ka ɗauki makulli. Inna ta ce bari ta bi mu don ta taya ka hira a dawowa.

Shekara uku ban faɗa wa kowa ba. Na bar mutane suna cewa laifinka ne, ni ma na riƙa cewa haka da ƙarfi, don in na yi shiru sai in ji muryata tana cewa "ni kaɗai zan iso kamar marar kowa." Ban ƙi ka ba. Fuskarka nake tsoro, don kai kaɗai ka san abin da na yi, kuma ba ka taɓa faɗa ba.

Da na rubuta maka layi biyun nan. Ka ci abinci, Baba. Shi ke nan abin da aka ce in rubuta, na kasa.

Ka yafe mini. In ka ga Inna ka ce mata ni ce.

'Yarka,
Wilai

TALGIRAM, ROI ET, 11 GA YULI
BABANKI NA DA RAI. LAFIYARSA ƘALAU. WASIƘA NA TAFE. TONGBAI

Ban Nong Kung
11 ga Yuli

'Yata, 'yata Wilai,

Muna lafiya, dukkanmu, har da mahaifinki. Ki sake karantawa: har da mahaifinki. Yanzu haka ina jin saran addarsa a bayan gida.

Jiya da wasiƙarki ta zo, ina karanta "sannu da rashin ƙanenki" na ƙwalla ihu har kaji suka watse. Na ce wa Sawai, "Takardar da na ba ka ranar bakwai ga watan jiya, ka jefa?" Ya ce, "Na jefa mana." Na ce, "Kalle ni." Ya kalli ƙasa. Muka ɗaga kujerar babur ɗinsa, ga ta nan a naɗe da ƙunshin maganin kaji, wata guda da kwanaki. Da murfin kwando na bi shi har bakin titi. Ga ta nan na haɗa miki, ki karanta ta tukuna za ki gane. Ni ma da laifina. Na sake tuna abin da na rubuta miki da ƙonannen hannu, sai na ga ko ni aka aiko wa abin da zan fahimta ke nan. Ki yafe wa tsohuwa.

Ga yadda aka yi. Mun isa da hantsi. Mutum biyu suka riga mu, wata mai sayar da taliya da kasuwa ta juya mata baya, da wani soja da ya fito daga asibiti. Da layi ya zo kan Bunsong ya cire takalmi ya shiga akwatin kamar mai shiga ɗakinsa. Aka rufe shi, malamai suka fara karatun matattu, irin wanda aka yi wa Buapan, kalma da kalma. A nan ne Sawai ya riƙe ni.

Da suka gama aka yaye ƙyallen, aka ce ya tashi ya juya kansa gabas. Bai motsa ba. Aka sake faɗa, shiru. Idonsa a rufe, furen a hannunsa. Luang Ta ya sauko daga mazauninsa da sandarsa, ya ƙwanƙwasa gefen akwatin ya ce, "Bunsong, wancan mutumin mun sallame shi. Kai da ka rage, juyo."

Sai muka ji muryarsa daga ciki: "Luang Ta, ku bar ni haka. Nan ne wurina."

Tsohon ya ce, "Wurinka ne, ba mai ƙwace maka. Yana nan yana jiranka kamar yadda nawa yake jirana. Amma yau aro ka yi, ga wata tsohuwa can tana jiran layi da jikarta. Juyo."

Wilai, ban taɓa jin namiji ya yi kuka irin wannan ba. Ko ranar ƙona Buapan bai zubar da hawaye ba, kin gani da idonki. Ba wanda ya hana shi. Malamai suka zauna suna jira, sojan nan ya cire hularsa. Da ya gaji don kansa ya dafa gefen akwatin ya tashi zaune, ya juya, ya sake kwanciya kansa yana gabas. Aka yi karatun masu rai, aka yayyafa masa ruwa, Sawai ya kama hannunsa ya fito. Luang Ta ya ce, "Jariri kuka yake fara yi, sannan ya nemi abinci. Tongbai, kin zo da shinkafa?" Loma uku ya ci a gabana. Da muka dawo ya kwanta ya yi barci har washegari da rana. Hutun da nake nufi ke nan.

Ba zan ce miki ya warke ba. Yana ci, yana ɗan taɓa aiki, amma magana sai an ja.

Yanzu ga abin da nake tsoron faɗa miki. Ihun da na yi ya jawo shi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Rubutun Wilai ne. Me ya same ta?" Na ce ba komai. Ya ce, "Yaya, ba ki iya ƙarya ba." Ya koma bayan gida. Na zauna da takardar nan a hannu har inuwa ta juya. Kin ce in je inda yake in karanta masa da ƙarfi, kada in tsallake ko kalma ɗaya. To inda yake shi ne bayan gida, yana feƙe gora. Na je na karanta.

Ya ajiye addar ya zauna a ƙasa. Da na gama ya ce in maimaita daga inda kika ce "na gani, Baba." Na maimaita. Ya tashi ya nufi gona, bai dawo ba sai da rana ta kusa faɗuwa. Ya zauna ya ce, "Yarinyar nan shekara uku tana ɗauke da wannan ita kaɗai a ƙasar mutane, ni kuma ina zaune a nan ina jin tausayin kaina."

Ban ƙona takardar ba, ya karɓe. In fushi za ki yi, da ni za ki yi.

Goggonki,
Tongbai

Hong Kong
24 ga Yuli

Goggo,

Ina lafiya. Talgiram ya zo, wasiƙun biyu ma sun zo, ɗaya tana warin maganin kaji.

Kwana goma sha uku ina marainiya. Na yanke gashina don makoki. Na kai sadakar abinci gidan ibada da sunansa. Na daina ci har Tsohuwa Leung, wadda ba ta tuna sunana, ta riƙa tura mini kwanonta. Da talgiram ya zo na zauna a ƙasan kicin ina dariya ina kuka, ta zaci na haukace.

Na yi murna yana raye, kada ki yi shakka. Amma Goggo, kin san sarai ga wa na rubuta takardar nan. Matacce na rubuta wa. Matacce ba ya kallon mutum, ba ya tuna masa. Kin ɗauki abin da na ɓoye shekara uku kin shimfiɗa a gaban mai rai, sannan kika laɓe a bayan maganata, wai ni na ce ki karanta. Wayonki ne, na san ki. Yanzu da wane ido zan dube shi? Ke ma da wane ido kike dubana?

Kada ki rubuto mini na ɗan lokaci. Ba gaba nake yi da ke ba, ina so in ji kaina ne. Ki ce wa Kawu ban riƙe shi ba.

Wilai

Ban Nong Kung
2 ga Oktoba

Wilai,

Ni ne mahaifinki. Ina fatan kina lafiya. Ni lafiyata lau. Goggonki tana lafiya, hannun ya warke ya bar tabo. Shinkafa ta fara fitar da kai, bana za a samu. Kin ce kada Goggo ta rubuto, ba ki ce ni ba. Na jira wata biyu. Ki yi haƙuri da rubutuna, rabona da biro tun takardar lasin tuƙi.

Na ji wasiƙarki. Akwai abin da ba ki sani ba, don ba ki cikin motar.

Da muka sauke ki jirgin ƙasa ya tashi, Innarki ta tsaya tana ɗaga hannu har ya ɓace. A hanya ta sa na tsaya ta sayi gasasshiyar kaza. Muka ci a ƙarƙashin wata tsamiya. Ta ce, "Kwanta nan ka yi barcin awa ɗaya, ni zan yi gadin mota." Na ce a'a, ina so in kama layin motocin rake kafin a rufe wurin awo. Muka ci gaba. Bayan ɗan lokaci ta sake cewa in tsaya. Na ce saura kaɗan mu isa. Sai ta fara waƙa don kada in yi gyangyaɗi, tana buga mini gwiwa da tafin hannu. Tana cikin farin ciki ranar. Tana ta cewa 'yarta za ta hau jirgin sama, ita ko Bangkok ba ta taɓa gani ba.

Ke kin roƙe ni in kai ki tasha. Haka kowace 'ya take roƙon ubanta. Na kai ki, kin sauka lafiya, naki ya ƙare a nan. Abin da ya biyo baya, sau biyu aka ce in tsaya na ƙi. Wannan nawa ne, kada ki taya ni ɗauka. Ban taɓa faɗa wa kowa maganar tsamiyar nan ba, ko Goggonki. Ni ma ɓoyewa na yi.

Maganar da kika faɗa mini ranar ƙona ta kuwa, na daɗe ina ganin gaskiya ce. Shi ya sa da aka ce akwati na yi murna. Na shiga na gani. Zafi ne a ciki da warin katako. Innarki ba ta can. Da na ji karatun na gane ko na zauna har abada ba zai dawo da ita ba, sai dai ke ki rasa biyu.

Akwatin bai goge abin da na yi ba, Luang Ta ma bai ce zai goge ba. Amma yanzu kowace Asabar ina haye kogi. Ni nake wanke fararen ƙyallayen in shanya, in mutum zai fito ni nake miƙa masa hannu. Waɗansu suna fitowa da dariya, waɗansu sai an jira su. Ina jiransu.

Ba sai kin amsa ba. Kada ki riƙe Goggonki. Ki bar gashinki ya tsiro.

Mahaifinki,
Bunsong

Hong Kong
21 ga Oktoba

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Na ji daɗin jin kana lafiya, kuma shinkafa ta yi kyau. Ni ma lafiyata lau. An fara sanyi a nan, Tsohuwa Leung ta ba ni rigar ulu ta ƙanwarta, ta yi mini yawa amma ina sawa. Gashi ya fara rufe kunne. Ka gaishe da Goggo, ka ce mata zan rubuto mata mako mai zuwa, ta shirya kunnenta.

Rubutunka ba shi da laifi, na karanta kowace kalma. Sau nawa, ban ƙirga ba.

Ka ce kada in taya ka ɗauka. Ba zan iya ajiye nawa duka yau ba, Baba, kamar yadda kai ma ba ka ajiye naka ba. Amma na daina tsoron fuskarka. Kwantiragina zai ƙare a watan Afrilu, na riga na faɗa wa masu gidan zan zo gida kafin in sake sa hannu.

Akwai abin da nake so kafin nan. Shekara uku in na tuna ranar nan ba abin da nake gani sai motar a kife. Ban san ta ci kaza ba. Ban san ta yi dariya ba. Ka rubuto mini sauran, tun daga tasha har inda ka daina tunawa. Me ta ce da jirgin ya ɓace? Wane ɓangaren kazar ta ɗauka, wane ta bar maka? Kuma waƙar da take yi tana buga maka gwiwa, wacce ce? Ko baiti ɗaya ka tuna ka rubuta. Ba ni da wanda zan tambaya sai kai.

'Yarka,
Wilai